Simintin Kawu da ya zama dutse: me ya sa wasu abubuwa in sun sauya ba sa komawa?

Daminar bara wani kawuna a Jega ya yi asarar da har yau in an tuna masa sai ya ja tsaki. Tun da rani ya sayi siminti buhu 20 zai tada ɗaki biyu saboda auren ɗansa, sai kuɗin albasar da yake jira suka maƙale, aiki ya tsaya, aka jibge buhunan a wani tsohon shago a ƙasa ba ko katako a ƙarƙashi, ashe kuma kwanon shagon yana yoyo ta kusurwa ɗaya ba wanda ya lura. Ruwan Agusta ya yi ta zuba abinsa. Sai da ruwa ya ɗauke aka buɗe shagon, aka tarar buhu 7 na ƙasa sun zama dutse, dutse fa na gaske har da shatin ninkin buhun a jikinsu, ka buga guduma ta yi tsalle ta dawo maka.

Na je gaishe shi na tarar ya sa yara biyu suna ta fama da guduma, ga rariya a gefe.

Na ce, "Kawu, mi aka yi nan?"

Ya ce, "Dakawa za a yi a tankaɗe shi koma gari. Ba ruwa na yat taɓa shi yab bushe ba? In an sake ba shi ruwa ai shina kamawa."

Na ce wallahi Kawu ba shi kamawa.

"Kai dai da bokonka. Ginin ƙasa in ya faɗi ba ƙasar nan muka sake kwaɓawa mu tada wani ba?"

To ni malamin kemistiri ne a sakandare, shekara da shekaru ina rubuta wa yara a allo cewa sauyi iri biyu ne, na zahiri da na sinadari, na farkon yana komawa na biyun ba ya komawa, su haddace su rubuta min a jarrabawa in ba su maki. Amma a gaban Kawu wannan haddar ba ta tsinana min komai ba, don tambayarsa tana da ƙarfi, me ya raba laka da siminti tunda duk ruwa ake zuba musu kuma duk su sandare? Tun ranar nake juya maganar a raina.

Game da laka Kawu yana da gaskiya. Jar ƙasa in ka kwaɓa ta ruwa yana shiga tsakanin ƙwayoyinta ne kawai ya sa su santsi, rana ta fito ruwan ya tashi ƙwayoyin su matse da juna. Ƙasar tana nan ƙasarta, shi ya sa duk damina sai an yi yaɓe, don ruwan sama yana warware abin da rana ta ɗaure. Haka gishiri in ya narke a ruwa, shanya shi a faranti ka dawo ka kwashi gishirinka. Haka man shanu, ya narke da zafin Afrilu ya daskare da hunturu kuma man shanu ne dai. Haka ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi. Duk waɗannan kama ce ta sauya, abin yana nan.

Sauyin sinadari wani abu ne daban. Duk abin da ke duniya an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake ce wa atam, su kuma suna riƙe da juna ƙungiya-ƙungiya, kuma yadda suka jeru suka riƙe juna shi ke sa abu ya zama abin da yake. Misalin da nake ba yara shi ne kalmar gari da kalmar riga. Haruffa huɗu ne iri ɗaya, g da a da r da i, ba a ƙara ba a rage ba, amma jeri ya sauya, kuma ba mai tuƙa tuwo da riga. To in riƙon da ke tsakanin atam ya tsinke suka sake sabon riƙo da wasu, an samu sabon abu ke nan mai sabon hali.

Abin da ya faru da simintin Kawu ke nan. Kuma a nan ne kusan kowa ke kuskure har da wasu magina, siminti ba bushewa yake ba. Sha yake. Yadda ake yinsa ma zai nuna maka, ana haƙo dutsen farar ƙasa irin wanda ke Kalambaina kusa da Sakkwato, a haɗa da yumɓu a gasa a wata doguwar tanderu mai juyawa har zafin ya kai wajen digiri 1450, zafin da zai kori iskar kabon-dayoksaid daga dutsen ya bar wasu dunƙulalliyar tsakuwa, ita ake niƙawa ta zama garin nan mai ruwan toka. Wannan garin kamar mai ƙishirwa yake, duk ƙarfin wutar da ya sha yana ajiye a cikinsa yana jiran ruwa. Da ruwa ya taɓa shi sai su haɗu su haifi wani sabon abu, wasu siraran zarurruka da ido ba ya gani su tsiro daga kowace ƙwaya su sarƙe da na maƙwabciyarta su riƙe yashi da tsakuwa gam. Ruwan bai tafi ko'ina ba, ya zama ɓangaren dutsen, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin simintin ruwa ne yake haɗiyewa ta wannan hanya. Shi ya sa kankare yana kamawa ko a ƙarƙashin ruwa, ai da bushewa yake da ba a kafa ƙafafun gada a tsakiyar gulbi ba. Shi ya sa kuma mai buga bulo na kirki yake ba bulonsa ruwa safe da yamma kwana da kwanaki, wanda bai sani ba sai ya ce ɓarnar ruwa ce, alhali in rana ta kwashe ruwan tun aikin bai ƙare ba bulon zai fito da kyau a ido amma ka ɗaga shi ya ruguje a hannu. Injiniyoyi sai kankare ya kwana 28 suke auna ƙarfinsa. In ka taɓa ɗora hannu a kan sabon kankare mai kauri da daddare za ka ji ɗumi-ɗumi, wannan ɗumin shi ne ƙarfin da aka ajiye yana fita yana bin iska.

To ka ga wanda ya daskare a buhu ya riga ya sha ruwansa, ya riga ya fitar da zafinsa. Daka shi, niƙa shi, tankaɗe shi, garin dutse ka samu. Ɗan abin da ya rage a tsakiyar ƙwayoyin da ruwa bai kai gare shi ba zai ɗan kama, amma ba kamun da mutum zai kwana a ƙarƙashinsa ba. Magina suna da gwajinsu mai sauƙi, in gudajin suna murƙushewa tsakanin yatsu biyu to da sauran amfani a ƙaramin aiki, in sai da guduma a haƙura.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ita kanta lakar da Kawu ya kafa hujja da ita tana da iyakar da in ta tsallake ba ta dawowa. Je ka wurin mata masu ginin tukwane. Randar da aka gina aka shanya ta bushe ƙarau, in ruwan sama ya same ta kafin gashi narkewa take ta koma yumɓu, a sake cuɗawa a gina wata. Amma da zarar an jera su an lulluɓe da kara da kashin shanu an cinna wuta, zafi ya haura digiri 500 zuwa 600, sai wani ruwa da ke ɗaure a cikin ginin ƙwayar yumɓun kanta, wanda rana ba ta iya cirewa ko shekara za a yi ana shanya, ya fice, tsarin ya rushe ya sake wani. Daga nan randa ta zama mazubin ruwa, ta shekara 30 da ruwa a cikinta ba ta narke ba. Ko ta fashe, katangar ba ta komawa yumɓu, ga gumakan Nok can na kudancin Kaduna sun haura shekara 2000 a cikin ƙasa damina tana bi ta kansu. Yumɓu ɗaya, wuta ce kawai ta shiga tsakani.

Yanzu bari in koma kan haddar nan tamu ta allo, don gaskiya rabinta ne daidai. Kai gero inji a niƙa, waye zai mayar maka da shi tsaba? Babu. Amma ba sauyin sinadari ba ne, garin gero gero ne. Fasa ƙwai a ƙasa ma haka. Sannan ta ɗaya gefen akwai sauyin sinadari na gaske da yake komawa a gaban idonka, kuma kowa zai iya gwadawa a gida yau. Zuba ruwan zoɓo a kofin gilashi ba sukari, ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa, za ka ga jan ya mutu ya koma wani duhu-duhu kamar shuɗi ko kore, to matsa lemun tsami a kai, ja ya dawo. Sinadarin launin ne yake sauya siffa in ya ji kanwa, ya koma in ya ji tsami. Batirin wayarka ma kullum wannan aikin yake, da rana sinadaran su tafi gefe ɗaya suna ba ka wuta, ka kai caji a tura su baya, sau ɗaruruwa. Batirin tocila na gargajiya kuwa tafiyarsa ɗaya ce, yaran da ke shanya shi a rana ko su ɗan ciccije shi suna tatsar ragowar ne kawai. Kai ko na wayar, a kowane caji akwai ɗan abin da ke lalacewa a gefe wanda ba ya dawowa, shi ke taruwa bayan shekara biyu uku ka ga waya ba ta kai ka la'asar.

Saboda haka ni yanzu in na ce abu ba ya komawa, abin da nake nufi shi ne in ka janye abin da ya jawo sauyin ba zai dawo yadda yake ba. Man shanu ka janye zafi ya daskare. Dafaffen ƙwai ka janye zafi, ko firij ka sa shi, dafaffe ne. To me ke hana shi?

Wani lokaci abin da ke hanawa shi ne kayan sun gudu. Ɗauki itacen girki. Dami guda mai nauyin da sai an taya ka ɗauka, a gama tuwo a kwashe toka ba ta cika kwano ba, ina sauran ya tafi? Mutanen da, har da masanan Turai, sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan, sai wani Bafaranshe Antuwan Labuwaziye ya riƙa ƙona abubuwa a cikin rufaffen gilashi yana aunawa a sikeli kafin da bayan, ya nuna nauyi ba ya ɓacewa ko kaɗan, ya fitar da littafinsa a 1789, shekara 5 bayan nan aka sare masa kai a rikicin juyin juya halin ƙasarsu. Abin da ke faruwa shi ne kabon da haidurojin da ke cikin itacen suna haɗuwa da oksijin na iska su zama kabon-dayoksaid da tururin ruwa su tashi sama, toka kuwa ita ce ma'adanan da itacen ya tsotso daga ƙasa waɗanda wuta ba ta ci. Ɓuntun shinkafa ya fi itace barin toka nesa ba kusa ba, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ke saura, don cike yake da sinadarin da ke cikin yashi, duk wanda ya wuce bayan injinan casar shinkafa a Argungu ko Birnin Kebbi ya ga tulin nan da ke cin wuta a hankali zai gane abin da nake faɗa.

Ga wani lissafi da yara ba sa yarda da shi sai na yi musu a allo. Litar fetur ɗaya nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ne, amma in ɗan kabu-kabu ya ƙona ta a mashin tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon-dayoksaid ta salansa. Hayaƙin ya fi man nauyi sau uku, saboda kowane kabon ɗaya ya ɗauko oksijin biyu daga iska ya tafi da su. To daga Jega zuwa Aliero ya watsa wannan iskar a hanya, iska ta kwashe ta yi Nijar da ita, wa zai bi ya tattaro? Manoman shinkafar fadama ma suna wannan asarar ba su sani ba, takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitrojin ne, in aka watsa shi a saman ƙasa mai ɗan danshi da zafin rana aka bar shi a fili, yana rikiɗa ya zama iskar amoniya wani kaso ya tashi, kuɗinka ne ke bin iska, shi ya sa malaman gona ke nacin a binne shi.

Wani lokacin kuma ba abin da ya gudu, komai yana nan a cikin kasko, sarƙewa ce ta yi yawa. Tsaya wurin mai shayi ka kalli ƙwai lokacin da ya juye shi a mai. Farin nan da yake kamar ruwa kana hango ƙasan kaskon ta cikinsa, cikin daƙiƙa kaɗan gefensa ya fara fari, farin ya bi ya rufe tsakiya. Kusan kashi 90 cikin 100 na farin ƙwai ruwa ne, sauran furotin, kuma kowane furotin dogon zare ne da aka naɗe shi dunƙule guda cikin tsari, suna yawo a ruwan ba mai taɓa wani. Zafi yana haura digiri 60 sai naɗin ya warware, zarurrukan su miƙe su kama juna ta ko'ina su zama raga, ruwan ya maƙale a cikin ragar. In ka taɓa ganin masunta a bakin gulbin Matan Fada na Argungu suna warware taru ɗaya da ya cukurkuɗe ka san aiki ne, to ka ƙaddara zare biliyoyi ne kuma an ɗaure su a wurare da yawa. Sanyi ba ya kwance ƙulli.

Amma ka ji abin dariya, a 2015 wasu masana daga Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinsu na Ostareliya sun sanar cewa sun warware dafaffen farin ƙwai. Sun narkar da shi da yuriya, e wannan dai ta takin, sannan suka juya shi a wata na'ura mai gudun tsiya, suka samu nau'in furotin guda ɗaya daga ciki ya koma naɗinsa na asali yana aiki. Har kyautar barkwanci ta Ig Nobel aka ba su a shekarar. Sai dai kar wani ya ce an mayar da dafaffen ƙwai ɗanye, furotin ɗaya ne daga cikin masu yawa, kuma abin da suke nema shi ne hanyar gyara furotin a harkar haɗa magunguna, ba wanda ya ɗora wa kaza ta ƙyanƙyashe.

Irin wannan sarƙewar ce a nono. 'Yar Fulani ta tatso madara ta zuba a ƙwaryar da ke da ɗan ragowar na jiya, ƙwayoyin bakteriya da ke ciki su kwana suna cin sukarin madarar suna mayar da shi tsami, tsamin yana kaiwa wani mataki furotin ɗin madarar ya dunƙule, da safe ga kindirmo. Kana iya kashe tsamin da kanwa, amma sukarin an riga an cinye. Kalwa ma haka take zama daddawa bayan an dafa an rufe ta kwana biyu uku, warin nan da ke cika unguwa har da amoniya a cikinsa. Shinkafa kuma in mata sun yi guminta, an jiƙa an turara an shanya, a ido kamar ba abin da ya same ta tana cikin ɓawonta, amma kai ta fadama ka shuka ka ga ko ɗaya za ta tsiro.

Wanda na fi so a duk misalan nan ƙanzo ne. Ka lura tuwo ko shinkafa duk daɗewarsu a wuta in dai da ruwa fari suke zama, don ruwa ba ya barin zafi ya wuce digiri 100. Amma a gindin tukunya inda ruwa ya ƙafe zafi yana haurawa 140 zuwa sama, a nan sukari da furotin ke haɗuwa su haifi ɗaruruwan sababbin sinadarai masu launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi. Shi ne sirrin tsire da balangu, shi ya sa naman miya ba ya ƙamshin na mai tukuba ko daga sa ɗaya aka yanko su, shi ne ɓawon burodi, shi ne gefen waina, shi ne soyayyar gyaɗa. Wani likita Bafaranshe ne ya fara bayanin wannan haɗuwar a 1912, ana rubuta sunansa Maillard amma a bakin mutanensu Mayar ake kiransa, kullum na faɗa a aji sai an yi dariya, wai Mayar ya gano abin da ba a mayarwa. Ƙanzon nan a shanya shi ya yi wata da watanni, a jiƙa a yi datu da ƙuli-ƙuli, ya yi laushi amma launinsa da ƙamshinsa suna nan, bai koma farin tuwo ba. In kuma an yi sakaci zafin ya zarce sai ya zama gawayi mai ɗaci, wannan ko akuya sai ta yi shawara.

Lalle ma a nan yake. Mutane na cewa lalle yana gogewa, a'a, sinadarin ganyen kama furotin ɗin fata yake ya riƙe, fatar ce ke saɓulewa a hankali sabuwa ta fito. Dubi farcen amarya wata guda bayan biki, za ka ga fari ya tsiro daga tushe kamar jinjirin wata jan kuma yana matsawa gaba, farce yana tsiro wajen milimita 3 a wata, jan ba ya barinsa sai an yanke.

Sai tsatsa, wadda ita ce ta ci kwanon shagon Kawu tun farko har ruwan ya samu hanya. Tsatsa ƙuna ce a hankali ba harshen wuta, ƙarfe yana haɗuwa da oksijin in akwai danshi, shi ya sa garmar da aka manta a gona da damina take ja cikin mako guda amma wadda ke rataye a rumbu da rani ba abin da ke samunta. Kwanon rufi ana shafe shi da tutiya ne don ita ta fara lalacewa ta kare ƙarfen, ranar da ta ƙare, yawanci ta bakin ƙusa, tsatsa ta shiga. Kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, in rodi ya yi tsatsa a cikin kankare kumbura yake ya tsaga ginin daga ciki.

To amma ita tsatsa ana mayar da ita ƙarfe, kuma kakanninmu sun yi. Tama da maƙeran da suke haƙowa ai 'yar'uwar tsatsa ce, ƙarfe ne haɗe da oksijin. Su gina tanderu su jera tama da gawayi su kwana suna zuga, kabon ɗin gawayin ya ƙwace oksijin ɗin ya tashi da shi ya bar ƙarfe a ƙasa. Kenan hanyar komawa tana nan, sai dai ba ta inda aka zo ba ce kuma tana da tsada. Ƙarfe ya zama tsatsa kyauta kana barci, kamar yadda ruwa ke gangarawa fadama ba mai tura shi, amma ka mayar da shi sai ka ƙona buhunan gawayi, kamar yadda mai noman rani ke sayen fetur kafin injin ya hau da ruwan nan kan tudu. Kuma gawayin da aka ƙona wajen ceto ƙarfen shi kuma ya tafi. Ko hayaƙin murhu yana da mai mayar da shi, ganye ne, yana zuƙar kabon-dayoksaid ya haɗa da ruwa da ƙarfin hasken rana ya gina itace da tsaba, wataƙila kabon ɗin da ya tashi daga murhun gidanku bara yana cikin wata shinkafa a Suru yanzu. Amma icen da aka ƙona a awa ɗaya bishiya ta yi shekaru tana tara shi, kuma duk wanda ya ga motocin gawayi da itace da ke shigowa gari kullum ya san wanne ya fi sauri.

Simintin ma da za a mayar da shi tanderu mai digiri 1450 a sake gasawa da wasu kayan ana iya samun wani abu, amma ba a Jega ba kuma ba don buhu 7 ba. Na yi wa Kawu wannan bayanin iya yadda zan iya, da randa da ƙanzo da komai, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce a dai daka guda ɗaya a gwada. Aka daka aka tankaɗe, birkila ya kwaɓa da yashi yana murmushi ya buga bulo biyu, aka yi ta ba su ruwa har mako guda. Ranar da aka zo dubawa Kawu da kansa ya ɗora ƙafa a kan ɗaya ya ɗan danna, ya baje kamar dambu. Bai ce min komai ba, ya dai juya ya ce wa yaran su bar dakan hakanan.

Sauran shidan an mirgina su ƙofar gida an jera inda ruwa ke cin gindin katanga, biyu a sama huɗu a ƙasa. A kansu yake zama yanzu da yamma yana sauraren rediyo, sabbin buhunan da ya saya kuma suna can ɗaki a kan katako an lulluɓe su da leda har biyu.